Falle na Uku

Gwangwani biyu Choji ya dire a kan tebur, ƙarami da babba, ya koma kujerarsa ya bar Mudi da kallonsu.

Shagon yana bayan tashar Gwarzo, cike da fenti da gam da tankunan ruwa da suka tsage suna jiran liƙi. Choji mutumin Filato ne, ya haura shekara ashirin a garin, Hausarsa ba ta tona shi sai in ransa ya ɓaci. Duk mai neman abin da zai hana ruwa shiga wani abu, wurinsa ake turo shi.

Mudi ɗan mai fito ne. Mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa yana haye da mutanen Gammo zuwa gonakinsu na tsallaken dam, duk lokacin da damina ta cika ruwa ya shanye hanyar ƙafa. Bara ya rasu ya bar masa jirgin. Gangar jikin ta fiba ce, mai kama da roba, ba ta ruɓewa, amma daɓen da ake takawa filawud ne, katakon nan da ake mannawa siriri kan siriri, shi kuwa ya ruɓe. A ƙarshen daminar bara ƙafar wata mata ta burma cikinsa a tsakiyar ruwa, da goyo a bayanta. Ba wanda ya mutu. Amma Sarkin Ruwa ya sa aka jawo jirgin kan tudu, ya ce ba zai ƙara ɗaukar mutum ba sai an sake daɓen.

Yanzu ruwan sama ya fara sauka, dam yana tasowa kullum, wani Alhaji daga Kabo kuma ya kawo jirgi mai inji ya ɗaure a gaci yana jira. Sarkin Ruwa ya tsayar da rana. Alhamis bayan la'asar zai zo ya taka daɓen da ƙafarsa. In ya gamsu, fito na Mudi ne kamar yadda yake na ubansa. In bai gamsu ba na Alhaji ne, abin da ya shiga hannun Alhaji kuwa ba a taɓa ganin ya fito ba.

Yau Asabar. Mudi ya riga ya yanka sabon filawud falle uku ya ɗaure su a jirgi. Abin da ya rage shi ne rezin, ruwan da ake shafa wa katako ya daskare ya zama kamar gilashi, ya hana shi shan ruwa.

"Ƙaramin nan shi ne na gaskiya," in ji Choji. "Shi ake shafa wa katakon jirgi. Babban na masu liƙin tanki ne."

Mudi ya tambayi farashi, aka gaya masa. Tunkiyar da ya sayar za ta saya masa ɗaya daga cikinsu. Ƙaramin ba zai wuce falle ɗaya ba. Babban zai rufe ukun, in hannu bai yi ɓarna ba.

"Babban zai riƙe?"

"Zai riƙe in ka yi masa biyayya. Mai tsada yana yafe kuskure. Mai araha ba ya yafe wa kowa, ko uban da ya haife shi."

Sai ya lissafa masa sharuɗɗan. Akwai ƙaramar kwalba da ake ɗigawa a ciki, ita ke sa shi daskarewa, kuma da zarar an ɗiga an juya, minti goma ne a wannan zafin, ko an shafa ko ba a shafa ba zai zama dutse. Don haka kada ya haɗa abin da ya wuce gwangwanin madara ɗaya a lokaci guda. Babban sharaɗin kuwa, katako ya bushe ƙayau. In da ɗan laima a cikinsa, rezin ɗin zai kwanta a kai yana ƙyalli kamar ya kama, bayan wata biyu ya ɗago kamar fatar maciji, ruwa ya shiga ƙarƙashi ya rasa hanyar fita, katakon ya ruɓe daga ciki, samansa na ta sheƙi. Ya koya masa gwaji: a manna leda a kan katakon, a danne gefenta, a bar shi a rana. In leda ta yi gumi daga ciki, ba a shafawa.

Mudi ya ce nasa sabo ne fil, daga 'yan katako zuwa jirgi, yana ƙarƙashin rumfa.

"To ɗauki babban. Amma ka sani, araha ba ta ado."

"Ba ado na zo nema ba, Oga."

Choji ya yi dariya, ya ƙara masa burushi ɗaya kyauta.

La'asar ta yi lokacin da ɗan acaɓa ya sauke shi a bakin dam. Rumfar tana nan, amma ba jirgi a ƙarƙashinta. Akwai dai sawun jan abu mai nauyi a kan laka, ya miƙe har cikin ruwa. Mudi ya bi sawun da ido. Can inda ruwa ke kai wa mutum ƙugu, saman gefen jirgin ne kawai a waje, cikinsa cike da ruwa, an danne shi da duwatsu.

Baffa Muhammad Nur, ƙanen mahaifinsa, yana zaune a kan wani kututture yana ɗinkin komar kamun kifi. Ya ɗago yana murmushi, irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran a gani. Ya ce tun bayan fitar Mudi ya kira matasa huɗu suka taya shi. Ya ga yaro zai shafa magani a kan katakon da bai sha ruwa ba, abin da ba a taɓa yi ba. Jirgi ba ya zama jirgi sai an nutsa shi, itace ya kumbura, kowace kafa ta haɗe bakinta. Haka kakansu ya yi, haka shi da marigayi suka yi wa kowane kwalekwale da suka taɓa gyarawa.

Gaskiya ya faɗa. Haka ake yi wa kwalekwalen itace. Amma Baffa bai taɓa yin aiki da filawud ba sai wannan makon.

Mudi ya ajiye gwangwanin a ƙasa a hankali. Ya yi niyyar yin faɗa, ya fasa. Wannan tsohon ne ya wanke gawar ubansa.

"Tun yaushe yake ciki, Baffa?"

"Tun hantsi. Ka bar shi zuwa jibi, za ka ga aiki."

Mudi ya nufi dam. Ya tuɓe riga ya shiga ruwa ya fara ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana wurgarwa. Baffa ya tashi yana tambayar me yake yi, ko ya zautu ne. Da Mudi ya yi masa bayani, a gajarce, idonsa a kan duwatsu, tsohon ya ce wannan zancen masu shago ne, su da ko iyo ba su iya ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Ya faɗi haka sau biyu. A karo na biyun muryar ta ragu, don ya ga fallen farko da Mudi ya kwance ya fito da shi: gefensa ya kumbura, ya yi laushi kamar burodin da ya faɗa shayi.

Fallen baya da na tsakiya da sauƙi. Na gaba shi ne ya fi nutsewa, inda aka jibge manyan duwatsu. Da Mudi ya jingina shi, ruwa ya yi ta tsiyaya daga bakinsa kamar ba zai daina ba.

Ya ɗaga kai. Gabas ta haɗa baƙi.

Baffa ya kawo shawara a kai su wurin masu bandar kifi, a jera a kan murhu, kafin gobe sun bushe. Mudi ya kira Choji a waya. Choji ya tambayi wanda ya yi wannan aikin. Mudi ya ce ba wannan ya kira ya tambaya ba. Choji ya ce to kada ya kuskura ya kai banda, hayaƙin kifi mai ne, katakon da ya sha shi ba abin da zai ƙara kama shi har abada. Zafi ake so, busasshe, marar hayaƙi. Ya ce akwai wata Keziah, 'yar cocinsu, tana da gidan burodi a Kabo, bangon bayan tanderunta ba ya hucewa dare da rana. Zai kira ta.

Washegari da sassafe, cikin yayyafi, Mudi ya ɗora falle ukun a kan kurkura ya rufe da tamfol. Keziah mace ce mai jiki, ba ta da yawan magana, ta nuna masa lungun da ke tsakanin tanderu da katanga, ta ce kada ya tare wa ma'aikatanta hanya, kada kuma ya manna su da bangon su ƙone, ita ba ta da katakon biyan kowa. Ya jingina su tazarar tafin hannu daga bango.

Kwana uku yana nan. Da safe ya zo daga Gammo, ya juya su, ya zauna a kan bulo yana kallonsu, ya sake juyawa. Ma'aikatan gidan suka sa masa suna mai gadin katako. Wani ya tambaye shi ko in sun nuna za a yanka a ba su ɗanɗano. Mudi ya ci gaba da aikinsa. Yana shinshina katakon kamar mai sayen nama, yana danna gefensa da farce. Ruwan sama ya sauka Lahadi, ya sauka Litinin. Duk saukarsa Mudi yana lissafin inda dam ya kai, yana ganin jirgin Alhaji a ransa, fari, da injinsa a ɗage kamar wutsiyar kunama.

Baffa bai zo Kabo ba ko sau ɗaya. In Mudi ya koma gida da yamma ya gaishe shi, sai ya amsa yana kallon wani wuri.

Laraba gari ya waye tas. Mudi ya mayar da katakon bakin dam, ya goge kowanne da sanfefa, takardar nan mai kaushi, ya yanke gefen da ya kumbura da zarto, ya shimfiɗa su a rana a kan duwatsu. Ya yaga leda uku ya manna, ya danne gefensu da tsakuwa. Baffa ya zo ya zauna a kan kututturensa, ba koma a hannunsa yau.

Da rana ta take, Mudi ya ɗaga ledar fallen baya. A bushe. Ta tsakiya, a bushe. Ta gaba ya duba ta sama-sama, bai ga komai ba, ya mayar ya ce bari ta ƙara shan rana tunda ita ce ta ƙarshe.

Ya zuba rezin a gwangwanin madara, ya ɗiga, ya juya da tsinke. Warin ya doki hancinsa har idonsa ya kawo ruwa. Ya shafa da sauri, katakon yana sha yana yin duhu kamar zuma. Gwangwani bayan gwangwani, sama da ƙasa. Hannunsa ya saba. Kafin azahar falle biyu suna kwance suna sheƙi, ƙuda ya sauka a kan ɗaya ya tashi bai maƙale ba. Baffa ya matso ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya ji ƙarar, ya ce ikon Allah.

Abin da ya rage a babban gwangwanin bai fi na falle ɗaya ba, shi ma sai an ja shi. Daɗin aikin ya ɗauke Mudi. Ya juye duka, ya ɗiga, ya juya, sannan ya taka zuwa falle na uku ya sa hannu ya yaye ledar.

Cikinta ya yi gumi. Ƙananan ɗigo, jere, kamar raɓa a kan ganyen dawa. Inda ledar ta kwanta katakon ya yi duhu.

Ya tsaya da gwangwani a hannu. Ya riga ya haɗa.

Baffa ya leƙo, ya gani, ya goge wurin da hannun rigarsa. Ya ce ai ga shi ya bushe. Ya ce wannan ɗan gumin ko jikin mutum yana yin sa. Ya ce Sarkin Ruwa da ƙafa zai taka, ba da leda zai zo ba, in ya ga yana ƙyalli kamar sauran shi ke nan. In an samu fito, bayan damina sai a sake fallen a natse, wa zai sani.

"Shafa, Mudi. Gidan ubanka za ka rufe a kan ɗigon ruwa?"

Gwangwanin ya fara ɗumi a tafin Mudi. Ya san ma'anar ɗumin. Ya tsoma burushi ya ɗago, rezin ɗin ya zubo a hankali, ya fi ɗazu kauri. Wata biyu, in ji Choji. Wata biyu daga yau tsakiyar Agusta ne, lokacin da dam ke cika ya batse, lokacin da mata ke haye da buhun taki da yara, kuma gaba nan ne inda kowa ke fara sa ƙafa in zai shiga. Ya kai burushin har saman katakon. Ɗigo ɗaya ya faɗa, ya zauna a kai bai shiga ba.

Ya juya ya koma kan falle biyun. Ya durƙusa ya bi gefunansu, inda zarto ya ci, inda ruwa ke fara shiga, yana cusa rezin ɗin da ƙarfi, ya bi ramukan ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Baffa yana kiran sunansa. Bai ɗago ba. Yana kan gefe na ƙarshe burushin ya ƙage, gwangwanin ya yi zafin da ya sa ya sake shi. Gwangwanin ya faɗi a kan laka, abin da ke ciki bai zube ba, ya riga ya daskare.

Baffa ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Ni na jawo," ya juya ya tafi.

Alhamis bayan la'asar mutane suka taru a gaci, har da waɗanda ba su da gona a tsallake. Alhaji ya zo da motarsa, ya zauna a ciki da ƙofa a buɗe. Sarkin Ruwa ya iso a ƙafa, dogo, siriri, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da ruwa da gajiya, aka yi wa marigayi addu'a. Sannan ya shiga jirgin.

Ya taka fallen baya, ya yi tsalle a kai. Ya taka na tsakiya. Ya sa aka ɗebo ruwa a bokiti ya sheƙa, ruwan ya gangara ya bar katakon kamar ba a zuba ba. Ya taka gaba, ya tsaya a inda daɓen ya ƙare. Daga nan zuwa hancin jirgin ba komai sai haƙarƙarinsa a fili.

Ya tambayi ina sauran. Mudi ya ce yana gida, bai bushe ba, kuma maganin ya ƙare. Wani daga cikin yaran Alhaji ya ce a taya su gani, jirgi ya zo da riga ba wando. Aka yi dariya. Alhaji ya fito daga mota, ya ce ranka ya daɗe, magana dai an yi ta a gaban jama'a, daɓe aka ce, ba rabin daɓe ba.

Sarkin Ruwa bai kalle shi ba. Ya zauna a tsakiyar jirgin ya ce wa Mudi ya kai shi tsallake.

Iska ta fara kaɗawa daga gabas. Mudi ya tura da gora har ƙasa ta ƙare, ya ɗauki filafili. Gaban jirgin ba nauyi, yana ɗagawa yana dukan ruwa, sai da ya riƙa gyara shi a kowane bugu. Hayaniyar gaci ta yi nisa. Sai da suka kai inda ruwan ya yi baƙi tsohon ya yi magana, bai juyo ba.

"Sabon katako aka ce ka saya. Me ya jiƙa shi?"

"An nutsa jirgin, ranka ya daɗe. Don ya sha ruwa."

"Wa ya nutsa?"

Mudi ya yi bugu biyu kafin ya amsa. "Gidanmu ne."

Sarkin Ruwa ya yi wani ɗan sauti a hanci. Ya ce da shi aka tambaya, shi ma da cewa zai yi a nutsa. Ya tambayi me zai faru da an shafa a haka, Mudi ya gaya masa kamar yadda aka gaya masa. Ya tambaya ko da zai gane in ya taka. Mudi ya ce a'a, ba zai gane ba.

Suka taɓa tsallake suka juyo.

A gaci Sarkin Ruwa ya sauka, ya warware wandonsa, ya yi magana yadda kowa zai ji. Ya ce fito yana nan inda yake. Amma jirgin da ke ɗaukar mutum goma zai ɗauki shida, ba wanda zai zauna a gaba, ba kaya a gaba, har sai ya zo ya taka falle na uku da ƙafarsa. Ranar da aka ce masa an ga na bakwai a ciki, ko jariri ne a goye, ranar Alhaji zai tayar da injinsa. Alhaji ya ce shi ba ya gaggawa, damina doguwa ce. Ya ce a bar jirginsa a ɗaure a inda yake.

Washegari da hantsi mutum tara ne a gaci da fartanyoyinsu. Mudi ya ƙirga shida ya sa gora ya tare hanya. Na bakwai wani magidanci ne da buhun taki a kafaɗa, ya ce shi fa tun ubansa yake shiga jirgin nan, ga wuri can gaba fili guda, ya tsuguna a kan haƙarƙarin ma ya isa. Mudi ya ce ya jira dawowa. Mutumin ya sauke buhun da ƙarfi, ya nuna farin jirgin da ke ɗaure da haɓarsa, ya ce da wancan ne da yanzu kowa yana gonarsa.

Mudi ya kafa gora a laka ya tura.